Samfurin jirgin yaƙi na takarda: idan aka sa masa tagulla, har yanzu na takarda ne?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a wannan zaure ban taɓa tsoma baki ba, amma yau matsala ta tura ni. Wata huɗu ke nan da na fara haɗa samfurin jirgin ruwan yaƙin nan na Jamus, Bismarck, a ma'aunin 1:200, wanda idan an gama shi tsawonsa zai kai santimita 125 da ɗoriya, tunda jirgin na gaske mita 251 ne. Kafin shi ban taɓa haɗa komai ba sai ƙananan gidaje biyu da wani jirgin sama. Na manna haƙarƙarin a kan kwali mai kaurin milimita 1 kamar yadda takardar bayani ta ce, na yanka, na harhaɗa, ƙashin ya tsaya sambal. Da na zo lulluɓe shi da jar fatar ƙasan jirgin, sai kowane haƙarƙari ya fito ta cikin takardar, tsakaninsu kuma ya lotsa, har jirgin ya koma kamar saniyar da ta sha rani. Tambayata ta farko ita ce ko wannan yana da gyara, ko kuwa sai na sake daga tushe.

Ta biyu kuma ta fi damuna. Na ga ana sayar da bututun igwa na tagulla da aka gurza da inji, da shingen gefen jirgi na siraran ƙarfe, waɗanda aka yi daidai da wannan ma'auni. Na yi niyyar saye, sai wani abokina ya ce da zarar na sa su, to in daina cewa jirgina na takarda ne. Ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Takarda Zalla:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk wanda ya zaɓi takarda ya san cewa akwai samfurin roba da ake zubawa a masana'anta, wanda ya fi sauƙin haɗawa, kuma kowane lungu nasa ya riga ya fito da siffarsa tun daga cikin kwali. Abin da ya sa muka bar wannan hanya muka kama almakashi da reza shi ne mu ga yadda abu shimfiɗaɗɗe zai tashi ya zama jirgi a hannunmu. Idan mutum ya kai wurin da aikin ya fi wuya, wato bakin igwa da shinge da sarƙar anga, sai ya zaro kuɗi ya sayi ƙarfen da wani ya gurza, to ya tsallake ainihin jarrabawar da ya zo zaunawa. Mai kallo kuwa idonsa a kan igwa yake fara sauka. Zai yabe ka a kan sassan da ba kai ka yi ba, ya wuce waɗanda ka kwana kana yi bai gan su ba.

Ni na haɗa Mikasa, jirgin Japan da aka ƙera a Barrow ta Ingila, wanda ya jagoranci yaƙin Tsushima a 1905, kuma babu ko ƙwayar ƙarfe a jikinsa. Ba na cewa ya fi na kowa kyau. Abin da nake cewa shi ne idan baƙo ya tambaye ni da me aka yi shi, kalma ɗaya nake faɗa, ba na ƙarawa da "sai dai".

Mai Tagulla:
Malam Takarda Zalla, ina girmama haƙurinka, amma ina ganin ka ɗora wa yaron nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Bari mu yi magana da alƙaluma. Shingen gefen jirgi mai tsayin mita 1 yana komawa milimita 5 a ma'aunin 1:200, sandunansa kuma, idan kaurinsu santimita 3 ne a zahiri, suna komawa milimita 0.15. Wane hannu ne zai yanka takarda da wannan siranta, a jere, a kewaye jirgi mai tsawon fiye da mita, kuma sandunan su tsaya a miƙe? Wanda ya gwada zai ƙare da ɗaya cikin biyu: ko dai shinge mai kauri kamar katangar gidan yari, ko kuma ya bar zanen shingen a kan takarda marar huda, wanda daga nesa ma ana gane cewa zane ne.

Haka batun ƙananan bindigogi. Bismarck yana da manyan igwa 8 masu faɗin baki santimita 38, waɗannan kam ana iya naɗe su da takarda. Amma yana da 12 masu santimita 15, da 16 masu santimita 10.5, da wasu 16 na kakkaɓo jiragen sama masu santimita 3.7. Ramin bakin waɗannan na ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba a samfuri. A wurina manufar aikin ita ce wanda ya san jirgin ya dube shi ya ce lallai shi ne. Idan tagulla ce za ta kai ni can a 'yan wurare, zan yi amfani da ita ba tare da jin kunya ba, kuma zan rubuta a jikin allon samfurin cewa na yi.

Malamin Lissafi:
Ku ba ni dama in shiga tsakani, domin ina ganin kowannenku ya riƙe ɓangare ɗaya. Takardar da ake buga irin waɗannan samfura a kanta yawanci tana da nauyin wajen giram 160 a murabba'in mita, kaurinta kuma kusan milimita 0.2. Idan ka ninka wannan sau 200 za ka samu santimita 4. Ke nan duk wata ƙofa, ko murfin akwati, ko ƙaramar garkuwa da ka yanka daga wannan takarda, a zahiri tana wakiltar ƙarfe mai kaurin santimita 4, alhali da yawa daga cikinsu ba su kai haka ba a jirgin gaske. A ma'aunin 1:400 kuskuren yana ninkuwa zuwa santimita 8. Saboda haka babu samfurin takarda da ya dace da ma'auninsa a kowane wuri, kuma wannan hujja ce a hannun Malam Mai Tagulla.

Sai dai inda takarda take nuna gwanintar mai ita ba a shinge ba ne, a gangar jirgin ne, kuma nan ne matsalar ƙaninmu ta samo asali. Takarda tana lanƙwasa ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda. Za ka iya mayar da ita bututu, za ka iya mayar da ita mazurari, amma ba za ka iya lulluɓe ƙwallo da ita ba sai ta tattare ko ta yage. Masanin lissafin nan Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar da dalilin haka a 1827, kuma shi ne dalilin da ya sa duk taswirar duniya da aka shimfiɗa a kan takarda dole ta karkatar da girma ko siffar wasu ƙasashe. Gangar jirgi kuwa, musamman wajen hanci da wajen da farfela take, tana lanƙwasa ta fuska biyu lokaci guda. Mai tsara samfurin yana yaudarar ido ne ta hanyar rarraba fatar zuwa ɓangarori da yawa, kowanne da 'yar lanƙwasarsa, yadda idan an jera su sai su yi kama da lanƙwasa guda mai sulɓi. Babu shagon da yake sayar da wannan, kuma babu tagullar da za ta ɓoye gangar da ta lotsa. A ganina, wanda ya iya wannan ɓangare ya riga ya ci sunan maginin takarda, ko me ya sa a bakin igwarsa.

Dattijon Zaure:
Yaro, bari in fara da abin da ya kawo ka, kafin su gama gardamarsu. Abin da ya same ka ya sami kowa a cikinmu, kuma dalilansa uku ne da suke haɗuwa. Na farko, ka manna fatar tana a miƙe, kana tilasta mata ta bi haƙarƙari da yatsa. Kamata ya yi kowane ɓangare ka lanƙwasa shi tukuna, ka ɗora shi a kan cinyarka ko a kan wani abu mai taushi kana murza masa sanda mai sulɓi ta ciki, har ya zama idan ka ɗora shi a wurinsa ba tare da gam ba ya zauna da kansa. Gam riƙewa yake yi, ba ya ba takarda siffa. Na biyu, ina kyautata zaton ka yi amfani da farin gam irin na kafinta, kuma ka zuba da yawa. Ruwa ne a cikinsa. Takarda tana shan ruwan ta kumbura, idan ta bushe ta tsuke, ta ja kanta ciki tsakanin haƙarƙari biyu. Na uku, gefen kwalin haƙarƙarin yana da kaifi, kuma wajen hanci da wutsiya fatar ba a kwance take haɗuwa da shi ba, a karkace take. Dole a goge gefen da takardar yashi ya bi karkatar, a kuma manna masa siririn ƙyallen takarda mai faɗin milimita 5 ko 6, domin ɓangarori biyu na fata su samu wurin zama inda suka haɗu.

Gyara kuwa yana yiwuwa, tunda ka ce ƙashin ya miƙe. Ka ɓare fatar a hankali, ka cike tsakanin haƙarƙarin da guntayen kwali ko wani abu mai sauƙin gogewa, ka goge har ya daidaita, ka sa fata ta farko da takarda marar zane, sannan ka ɗora ta gaske a kanta. Zai ci maka makonni, amma jirgi mai tsawon fiye da mita ba ya yafe gaggawa.

Game da gardamar kuma, ina so Malam Takarda Zalla ya tuna cewa wannan aiki bai taɓa zama takarda tsantsa ba. A ƙasar Polan, inda mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957, yara da manya sun taso suna haɗa jirage daga shafukanta, kuma takardun bayani irin na da suna cewa a yanko waya ko tsinke a yi turken jirgi, a sa zare a madadin igiyoyi. Jamusawa ma, da suka fi son ma'aunin 1:250 tun daga samfuran Wilhelmshaven na shekarun 1950, haka suke yi. Ba wanda ya ce musu sun fita daga layi. Takarda ta yaɗu a wancan zamani ne saboda ita ce mai arha kuma ita ake samu, ba don an ɗauke ta abin tsarki ba.

Takarda Zalla:
Baba, na karɓi gyaranka, kuma ba zan yi musu da wanda ya riga ni riƙe reza ba. Zan ma faɗi abin da ban faɗa ba ɗazu, cewa igiyoyin Mikasa ɗina da zare na yi su, domin babu yadda za a yi takarda ta zama igiya. Amma ina ganin akwai bambanci tsakanin wayar da mutum ya yanko ya lanƙwasa da hannunsa da kuma sassan da suka zo a gama, aikinka kawai ka ɗiga gam. Na farko ɗanyen abu ne ka sarrafa, na biyu kuwa aikin wani ne ka liƙa a naka. Idan zan ja layi, a nan zan ja shi, ba tsakanin takarda da ƙarfe ba.

Uwar Haƙuri:
Tunda an koma batun aikin hannu, ƙanena Sabon Hannu, ina ba ka shawara ka gwada naɗe manyan igwa 8 ɗin da kanka kafin ka yanke hukunci, domin ba su kai wuyar da ake ba su ba. Tsawon kowace a jirgin gaske ya haura mita 19, wato ƙasa kaɗan da santimita 10 a samfurinka, kuma wani ɓangare ma yana ɓoye a cikin ɗakin igwar. Ramin bakinta milimita 1.9 ne, don haka sandar ƙarfe mai kusan wannan kauri ta ishe ka abin naɗi.

Kada ka naɗe takarda mai kauri kai tsaye, domin za ta kakkarye ta yi kusurwa. Ka tsage bayanta a hankali har ta yi siriri, ko ka sake buga sashen a kan takardar rubutu ta yau da kullum mai giram 80, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.1 ba. Ka kuma lura cewa kowace takarda tana da jijiya, wato fuskar da zarurrukanta suka kwanta lokacin da ake yin ta a inji. Idan ka lanƙwasa guntu ta tsaye sannan ta kwance, za ka ji ɗaya ta fi taushi. Ka sa tsawon igwar ya bi jijiyar. Bayan ka naɗe, ka ɗiga mata gam mai kamawa nan take, takardar za ta sha ta yi tauri, har ka iya goge wurin haɗin da takardar yashi mai laushi ya ɓace. Ka yi 12 ka zaɓi 8 da suka fi kama da juna, domin a igwa rashin daidaito ya fi rashin kyau fitowa fili.

Akwai kuma wani abu da na fi ganin yana tona asirin sabon hannu fiye da rashin tagulla, wato farin gefen takarda. Duk inda reza ta bi, tana barin farin layi. Idan ba ka bi kowane sashe da fenti ko alƙalami mai launin da ya dace ka shafe gefen kafin mannawa ba, jirgin zai fito da fararen jijiyoyi ko'ina, kamar an zana shi da alli. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma a samfuri mai dubban sassa shi ne yake cin kusan rabin lokacina.

Mai Tagulla:
Hajiya ta yi bayani mai amfani, kuma na yarda cewa manyan igwa ba sa buƙatar ƙarfe. Amma ina da tambaya ga Malam Takarda Zalla game da sabon layin da ya ja. Yanzu ana sayar da haƙarƙari da shinge da tsani waɗanda na'urar leza ta yanka daga kwali da takarda. Babu ƙarfe a cikinsu ko kaɗan, amma kuma ba hannunka ne ya yanka ba. Wanda ya sa su zai iya amsa wa baƙonsa da kalma ɗaya tak, kamar yadda kake so, alhali aikin da ya yi bai kai na wanda ya lanƙwasa waya da hantsaki ba. Sannan idan muka bi maganarka har ƙarshe, shi kansa zanen sassan wani ne ya zauna ya lissafa shi, ya fente shi, ya buga maka. A ina aikin wani yake ƙarewa naka ya fara?

Takarda Zalla:
Tambayar ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Haƙarƙarin leza ba na ƙin sa, domin yana ɓoye a ciki kuma yankan kwali mai kauri ba gwaninta ba ce, ciwon yatsa ne kawai. Shingen leza kuwa ina sa shi a sahu ɗaya da na tagulla. Na san ma'aunin nawa ba shi da kaifin ma'aunin Malamin Lissafi, amma shi nake bi a kan teburina, ban kuma ce kowa ya bi ba.

Mai Bin Tarihi:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda ya tambayi Sabon Hannu wane Bismarck yake ginawa. Jirgi ba ya zama da kama ɗaya duk rayuwarsa, ko da gajeriya ce kamar ta wannan. An sauke shi a ruwa a Hamburg ranar 14 ga Fabrairun 1939, ya shiga aiki a Agustan 1940, aka nutsar da shi ranar 27 ga Mayun 1941. Lokacin da yake atisaye a tekun Baltik yana ɗauke da zane-zanen ɓad-da-kama, manyan layuka baƙi da fari a karkace a jikinsa. Da ya tsaya a kusa da Bergen ta ƙasar Nowe ranar 21 ga Mayu, ma'aikatansa sun shafe layukan da fenti ruwan toka kafin ya fita zuwa tekun Atlantika. Ke nan wanda ya gina shi da layukan nan, ya kuma rubuta a allo cewa ga jirgin ranar da ya nutsar da Hood, jirgin yaƙin Birtaniya, wato 24 ga Mayu, ya yi kuskuren da ya fi sa tagulla girma, ko da kowace ƙusa ta jikinsa da takarda ya yi ta.

Yamato na Japan ya fi wannan rikitarwa. Tsawonsa mita 263, igwansa 9 masu faɗin baki santimita 46, kuma babu jirgin yaƙin da ya taɓa ɗaukar waɗanda suka fi su girma. Lokacin da ya shiga aiki a Disambar 1941 yana da ɗakunan igwa matsakaita guda 4 masu santimita 15.5. A 1944 aka cire biyun da suke gefe da gefe aka maye gurbinsu da bindigogin kakkaɓo jiragen sama, aka yi ta ƙara ƙananan har suka haura ɗari kafin a nutsar da shi ranar 7 ga Afrilun 1945. Wanda ya haɗa kayan 1941 da na 1945 a jiki ɗaya ya gina jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Ga shi kuma Japanawa sun ƙone yawancin zane-zane da hotunansa a ƙarshen yaƙi, shi ya sa masu tsara samfura suke saɓa wa juna a kan wasu ƙananan wurare. Gidan tarihin da aka buɗe a Kure a 2005, garin da aka ƙera shi, yana da samfurinsa a ma'aunin 1:10, mai tsawon mita 26.3, kuma hotunansa suna taimakon masu wannan aiki ƙwarai.

Wani abu kuma da mai gina Bismarck zai ci karo da shi: an zana tambarin 'yan Nazi a daɓen gaba da na baya domin jiragen saman Jamus su gane shi. Dokar Jamus ta hana baje wannan tambari, don haka samfuran da ake sayarwa a can sukan bar wurin babu shi. Robert Ballard, wanda ya gano gawar jirgin a 1989 a zurfin da ya haura mita 4,700, ya tarar da alamarsa tana nan.

Mai Karatu Kawai:
Ku gafarce ni, ni ba na haɗa komai, ɗana ne yake yi, shi ya sa nake bibiyar zauren. Maganar Malam Mai Bin Tarihi ta ƙarshe ta taɓo abin da yake raina tuntuni. Waɗannan jirage an ƙera su ne domin kashe mutane, wasu kuma gwamnatocin da suka yi ta'asa a duniya ne suka mallake su. Idan yaro ya shafe shekara yana ƙawata irin wannan abu, yana goge masa baki yana sa shi a gilashi, ba a koya masa son yaƙi ba kuwa?

Mai Bin Tarihi:
Tambayarki tana kan hanya, Hajiya, kuma ba zan ce babu masu yin abin da wata manufa ba. Abin da na gani a kaina shi ne akasin haka. Ba za ka iya gina jirgi daidai ba sai ka karanta labarinsa, kuma labarin ba ya ƙarewa da daɗi. Hood, mai tsawon mita 262, wanda Birtaniya ta yi shekara 20 tana alfahari da shi, ya fashe ya nutse cikin 'yan mintuna, mutum 3 kacal suka tsira cikin 1,418. Kwana uku bayan haka, mutum sama da 2,000 suka mutu tare da Bismarck, bayan wasu tsofaffin jiragen sama masu fiffike hawa biyu sun lalata masa abin juya akala. Tare da Yamato kuma sama da 3,000 suka tafi. A ma'aunin 1:200 mutum bai kai tsawon santimita 1 ba, kuma ranar da na ajiye ɗan mutum-mutumi guda a gindin igwa na ga ƙanƙantarsa, ranar na fara tunanin waɗanda suke can ƙasa a ɗakin inji lokacin da ruwa ya shigo. Shawarata ita ce ki riƙa tambayar ɗanki labarin jirgin da yake haɗawa, har da adadin waɗanda ba su dawo ba. Tambarin kuwa, ni ba na sa shi.

Malamin Lissafi:
Bari in dawo da mu kan teburin Sabon Hannu, domin gyaran da Baba ya ba shi yana buƙatar sabuwar fata, tsohuwar kuwa za ta yage wajen ɓarewa. Idan ka ɗauki hoton shafukan da sikana kafin ka yanka, to ka huta. Idan ba ka yi ba, sai ka nemi wani kwafi daga masu buga shi ta hanyar da ta dace, kada ka karɓi wanda aka sato aka baza a intanet, domin mai tsara irin wannan samfuri yakan shafe shekaru a kansa. Wajen bugawa ka tabbata na'urar tana kan kashi 100 cikin 100. Yawancinsu suna da ɗabi'ar rage hoto kaɗan domin ya shiga cikin shafi, kuma ragin kashi 3 cikin 100 a jirgi mai santimita 125 ya kusa santimita 4, wanda zai bar maka giɓi a wutsiya. Ka zana layi mai santimita 10 a gefen shafin, ka auna da rula bayan an buga. Ka kuma sani cewa tawadar na'urar bugawa, idan ta ruwa ce, tana zuba idan farin gam ya taɓa ta, ta gari kuma tana tsagewa a wurin ninki, don haka a fesa wa shafin kariya marar launi kafin a fara yanka.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta komai sau biyu, kuma gaskiya Baba ya gano ni, domin farin gam na yi ta zubawa, ban kuma lanƙwasa ko ɓangare ɗaya ba kafin mannawa. Alhamdu lillahi na ɗauki hoton shafukan tun farko. Abin da na yanke shi ne in ajiye Bismarck a gefe na ɗan lokaci, in koyi lulluɓe ganga a kan ƙaramin jirgi. Na zaɓi Błyskawica, jirgin rakiya na Polan da aka ƙera a Cowes ta Ingila, ya shiga aiki a 1937, wanda yanzu yake ajiye a matsayin gidan tarihi a Gdynia. Tsawonsa mita 114 ne, wato santimita 57 a ma'auni ɗaya da nawa, kuma tunda jirgin yana nan, hotunansa ba za su yi wuyar samu ba. Igwansa zan naɗe da takarda kamar yadda Yaya Uwar Haƙuri ta koya mini. Shingen kuwa ina son in gwada yin sa da hannu, idan ya gagara in sayi na tagulla in rubuta a allo. Shin akwai hanyar yin shinge a gida wadda ba ta buƙatar yanka takarda da sirantar da Malam Mai Tagulla ya lissafa?

Mai Bin Tarihi:
Ka dai kula, ƙanena, jirgin da yake Gdynia a yau ba da igwan 1937 yake ba, an sauya masa su a Birtaniya lokacin yaƙi. Ka duba shekarar da samfurinka yake wakilta kafin ka bi hotunan gidan tarihin.

Takarda Zalla:
Hanyar tana nan, kuma da zare ake yi. Ka samu katako ka kafa ƙananan ƙusoshi a gefunansa huɗu, ka ja zare siriri layi uku a tsawon katakon, tsakanin na sama da inda ƙasan shingen zai tsaya milimita 5, sannan ka ja wasu a gicciye, tazarar milimita 7 ko 8, su zama sanduna. Ka tabbata zaren bai taɓa katakon ba, a sama yake rataye. Ka shafa masa gam mai kamawa nan take da bakin tsinke, kaɗan kaɗan domin kada ya taru a mahaɗa, ka bar shi ya kwana, ka fente shi ruwan toka tun yana kan ƙusoshin, sannan ka yanke da reza sabuwa. Zaren auduga yana da gashi, don haka ka fara jan sa ta cikin farin gam tsakanin yatsu biyu ya bushe kafin ka ɗaura. Na farko da na biyu za su karkace, ka zubar da su. Idan na uku ya fito, ka ɗora shi a gefen jirgin ka ɗauko mana hoto daga nisan taku biyu, Malam Mai Tagulla kuma ya ɗauko nasa daga wannan nisa, mu jera su mu gani.